Yaya zan tsara gidan da zai riƙa girma tare da yarana?

Malamin Sakandare, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini, da kuma waɗanda suka riga ni rainon yara a gidan kansu. Allah ya hore mini fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100 a wajen Janguza, kan hanyar Gwarzo, ƙofarsa tana kallon kudu, kuma na riga na kewaye shi da katanga. A yanzu muna zaune a gidan haya mai ɗaki biyu da falo, ni da maiɗakina da yara uku: babbar mace ce mai shekara 8, sai namiji mai shekara 6, sai ƙaninsa mai shekara 3, kuma muna sa ran ƙaruwa nan da 'yan watanni idan Allah ya yarda. Mahaifiyata tana ƙauye, amma ƙarfinta ya fara ja baya, kuma na san ba da daɗewa ba za ta dawo hannuna.

Maginin da nake hulɗa da shi ya kawo mini zanen wani gida da ya taɓa gina wa wani, mai ɗaki huɗu kowanne da banɗakinsa, da falo biyu, duka a ƙarƙashin rufi ɗaya, wanda zai cinye fulotin har sai abin da ya rage bai wuce wurin ajiye mota da wani siririn lungu ba. Da na yi lissafi sai na ga abin da ke hannuna ba zai kai ginin ga rufi ba, kuma ina tsoron in wayi gari da kango ina ci gaba da biyan haya. Abin da ya fi damuna shi ne, nan da shekara biyu babbar za ta cika goma, lokacin da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a raba wa yara wurin kwanciya, nan da shekara goma kuma mazan sun zama samari, bayan wasu shekarun kowa ya kama gabansa a bar mu da ɗakuna babu kowa. Ta yaya zan fara da ɗan abin da nake da shi, ta yadda gidan zai karɓi waɗannan sauye-sauye ba tare da an yi ta rushe-rushe ba? Kuma shin ya kamata in zuba harsashin bene tun yanzu?

Mai Zanen Gine-gine, Kaduna

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi dabara da ka tsaya ka yi tambaya kafin a haƙa rami, domin zanen da aka yi wa wani iyali a wani fili ba safai yake dacewa da wani ba. Shawarata ita ce ka raba gidan a ranka gida biyu: abubuwan da idan an yi su ba sa sauyuwa sai da hasara mai yawa, da abubuwan da birkila zai iya sauyawa cikin mako guda. Na farkon su ne wurin da ginin ya zauna a cikin fulotin, da harsashi, da hanyoyin ruwa da sokawe, da siffar rufi. Bangon da ya raba ɗaki da ɗaki, da fenti, da tayil, da silin, duk suna cikin kashi na biyu, amma abin mamaki a kansu mutane suka fi ɓata lokaci da kuɗi.

Tunda ƙofarka tana kudu, ka kai ginin farko can ƙuryar fulotin ta arewa, ya miƙe daga gabas zuwa yamma, domin dogayen bangayensa su kalli kudu da arewa. Rana ta fi dukan bangon gabas da safe da na yamma da la'asar, kuma wanda ya taɓa kwana a ɗakin da bangonsa ke kallon yamma a watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san cewa bulo yana riƙe zafin nan har tsakar dare. Saboda haka kicin da sito da banɗakuna su ne za su jeru a ɓangaren yamma su tare wa ɗakunan kwana rana, sai ginin ya lanƙwaso ta nan ya rungumi tsakar gida. Ka bar aƙalla ƙafa 25 zuwa 30 na gaba babu komai a yanzu sai ƙofa. Wannan filin da za a riƙa ce maka ka yi asararsa, shi ne ajiyarka ta shekara goma masu zuwa.

Game da yara, kada ka gina musu ƙananan ɗakuna biyu yanzu. Ka gina babban ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 da ƙafa 22, amma ka sa masa ƙofa biyu, ɗaya a kowane rabi, da taga a kowane rabi ta gaba da ta baya domin iska ta ratsa, da makunnin fitila biyu, da wurin fanka biyu. Yanzu da suke ƙanana za su kwana tare, su yi wasa da karatu a wuri ɗaya, a rufe ƙofa guda a jingina mata kabad. Ranar da babbar ta kai lokacin rabuwa, sai a ja bangon bulo mai inci 6 a tsakiya, ka samu ɗaki biyu kowanne kusan ƙafa 11 da ƙafa 12, ba tare da an fasa ko'ina ba, ba a kuma taɓa waya ɗaya ba. Sharaɗin kawai shi ne kada rufin ya dogara da wannan bangon na tsakiya, kuma a ƙarfafa daɓen da ke ƙarƙashin inda zai zauna tun ranar zuba kankare. Idan shekaru suka ja yaran suka watse, ana iya sauke shi ɗakin ya koma babba kamar da.

Banɗaki huɗu a zanen da aka kawo maka su ne suka fi cin kuɗin da ba ka da shi. Ka tara wuraren ruwa waje ɗaya, bango ɗaya ya ɗauki bututun kicin da na banɗaki, sannan tun yanzu a binne bututu mai inci 4 daga gaban fulotin zuwa sokawe, a toshe bakinsa, a yi masa alama a kan zanen. Kuɗinsa kaɗan ne yau, amma ranar da za ka gina ɗaki a gaba ba za ka fasa daɓen tsakar gida ba. Ita kuma sokawen a haƙa ta kusa da katangar gaba inda motar kwashewa za ta iya kaiwa, a wurin da ka tabbata ba za a taɓa ɗora ɗaki a kai ba, kuma nesa da rijiya gwargwadon yadda filin ya bari.

A kan bene, ra'ayina shi ne ka zuba harsashinsa a ƙarƙashin ɓangare ɗaya kawai, ka kuma ware wurin matattakala, wanda kafin lokacinsa zai yi aikin sito. Ka kai cikakken zanen, har da abin da ba za ka gina yanzu ba, hukumar tsara birane ta KNUPDA ta amince da shi gaba ɗaya, domin su ne za su faɗa maka tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da titi da kuma maƙwabta.

Tsohon Magini, Zariya

Ɗana, jikana ne yake rubuta mini wannan, ni kuwa na fi shekara arba'in ina riƙe da cokalin gini, na fara da tubali da azara a hannun mahaifina kafin in koma bulo da siminti. Abin da mai zane ya gaya maka gaskiya ne, sai dai ina so ka san ba sabon ilimi ba ne. Gidan Bahaushe tun asali ba a gama shi rana ɗaya. Mutum yakan ja katanga, ya yi zaure, ya yi wa matarsa ɗaki, ya yi turakarsa, shi ke nan ya tare. Idan aka haihu aka ƙaru sai a ƙara ɗaki a jikin katanga, idan yaro ya balaga sai a fitar da shi daga cikin gida a yi masa ɗaki a ƙofar gida tsakanin zaure da shigifa, idan ya yi aure a yanka masa sashe. Ɗakin da mai shi ya rasu ko ya tashi, wani lokaci a bar shi ya zube, a sake kwaɓa ƙasarsa a yi wani ginin da ita. Azara ba ta da tsawon da za ta haye ɗaki mai faɗi ita kaɗai, shi ya sa ɗakunanmu suka zama ƙanana masu zaman kansu, sai gidan sarauta da na masu hali ake ɗaura bakan gizo a faɗaɗa. Wannan ƙanƙantar ita ta sa kowane ɗaki ake iya ƙara shi ko a cire shi ba a taɓa na kusa da shi ba. Da muka koma rufi ɗaya a kan gida duka, sai muka ɗaure hannunmu da kanmu.

Inda na saba da mai zane shi ne batun bene. Na ga mutane da yawa masu albashi irinka sun binne kuɗin ɗaki biyu a cikin ƙasa da sunan harsashin bene, sun bar rodi tsirara a sama yana shan ruwan damina shekara da shekaru har ya yi tsatsa, benen bai zo ba, kuma iyali suna cunkushe a ƙasa. Mai ƙafa 50 da 50 a cikin gari shi ne ba shi da mafita sai sama. Kai da kake da ƙafa 100, ƙasa ta ishe ka har ka aurar da 'ya'yanka. Ga kuma tsufa: matattakalar da kake hawa da gudu yau, wata rana da sanda za ka tsaya kana kallonta.

Abin da zan ƙara maka na aikin hannu shi ne, duk bangon da ka san za a ci gaba da gini daga jikinsa, ka sa a zuba linta tun yanzu a inda ƙofa za ta fito nan gaba, a cike ƙarƙashinta da bulo. Ranar buƙata sai a zare bulon kawai, bango bai tsage ba. Rufin kuma a yi shi mai sauƙi, mai gangara biyu, wanda kafinta zai iya ƙara masa tsawo, a bar irin rufin nan mai tsini da kusurwa barkatai da ake yayi yanzu, wanda yake cin katako da kwano kamar me, kuma kowace mahaɗa a jikinsa wurin yoyo ce.

Uwargida, Katsina

Malam, maza sun yi maganar bulo da rodi, bari in faɗi abin da mai zama a cikin gidan daga safe har dare take gani. Na raini yara bakwai a gidan da maigidana ya gina ba tare da ya tambaye ni komai ba, Allah ya saka masa da alheri, amma shekara ashirin muna gyara abin da magana ta minti goma za ta hana. Don haka kafin ka sake zama da magini, ka zauna da maiɗakinka ka shimfiɗa mata zanen.

Abu na farko, daga inda take girki ta iya ganin tsakar gida da ƙofar ɗakin yara. Yaro mai rarrafe ba ya buƙatar ɗaki, idon uwarsa yake buƙata. A gidanmu kicin yana can baya yana kallon katanga, kuma sai da ƙaramin ɗana ya kusa faɗawa cikin baho cike da ruwa ina tsaye ina tuƙa tuwo ban sani ba, sannan aka fasa mini taga. Saboda irin wannan ne ma ban goyi bayan banɗaki a cikin ɗakin ƙananan yara ba, domin bokitin ruwa a bayan rufaffiyar ƙofa hatsari ne, kuma ba a iya tsabtace shi yadda ya kamata. Idan akwai rijiya ko tankin ƙasa, a yi masa murfi mai kwaɗo tun ranar da aka haƙa.

Na biyu, Baba magini ya yi gaskiya cewa samari a gaba ake ajiye su, amma zamanin ya sauya, kuma ina roƙonka kada ka yi wa shagon samari ƙofa mai fita titi kai tsaye. Mun yi haka, muka wayi gari ba mu san wanda yake shiga da wanda yake fita ba, ba mu san lokacin da yaro ya dawo da dare ba, sai da maigidan ya toshe ƙofar ya mayar da ita ta cikin soro hankalinmu ya kwanta. Saurayi yana buƙatar sirrinsa da wurin da abokansa za su zauna ba su ratsa cikin gida ba, amma ya zama ta ƙofar da mahaifinsa yake bi shi ma yake bi. Idan sun tashi daga baya kana iya buɗe ƙofar wajen ka sa ɗan haya ko ka yi kanti. Ita kuwa budurwa ɗakinta ya kasance a ciki, kusa da na mahaifiyarta, tagarsa ba ta kallon inda baƙi maza ke zama. Ɗakinku ku iyaye kuma kada ya zama hanyar wucewa zuwa ko'ina, domin aya ta 58 a cikin Suratun Nur ta koya wa yara neman izini a lokuta uku, kafin sallar asuba da lokacin hutun tsakar rana da bayan lisha, kuma yaro ba zai koyi wannan ladabi ba idan sai ya bi ta ɗakin uwarsa zai je banɗaki.

Sannan ka daina tunanin ɗakunan za su zama kufai idan yara sun girma. 'Ya mace ba ta barin gidan ubanta gaba ɗaya. Za ta dawo goyon ciki a haihuwar fari, ta yi wankan jego na kwana arba'in, kuma wannan yana buƙatar ɗaki da wurin dafa ruwa da makewayi a kusa. Jikoki za su zo hutu, wata za ta yi yaji, wata ƙaddara za ta dawo da ita da 'ya'yanta. Ni yanzu da na aurar da biyar, gidan ya fi cika fiye da lokacin da suke ƙanana. Ranar suna ko biki kuwa, falo biyu ba za su ɗauki mata ba, tsakar gida ce take ɗaukarsu, a nan ake kafa tukwane, a nan ake shanya, a nan ake shimfiɗa tabarma a kwana lokacin bazara idan babu wuta.

Ɗakin Hajiya mahaifiyarka shi ne wanda ya cancanci banɗaki a ciki. A yi shi ba tare da tudu a bakin ƙofa ba, ƙofar ta yi faɗin da mutum biyu za su iya riƙo ta su shiga, a sa tayil marar santsi, kuma ya buɗe ga tsakar gida domin ta riƙa ganin jikokinta, kada a kai ta can gefe kamar baƙuwa. Kafin ta zo zai yi muku ɗakin baƙi. Abu na ƙarshe, ƙarafan da ake sa wa tagogi saboda ɓarayi, a bar aƙalla ɗaya a ɓangaren yara wanda ake iya buɗewa daga ciki, kuma gidan ya samu ƙofar fita ta biyu, saboda gobarar hunturu ba ta sallama.

Injiniyan Gini, Kano

Ina tare da Baba a kan cewa mai fili irin wannan ba lallai ne ya yi bene ba, amma ina so a fahimci cewa babu tsaka-tsaki a maganar. Ko dai injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba ƙasar wurin, ya lissafa harsashi da ginshiƙai da kaurin rodi na hawa biyu tun farko, ko kuma a ɗauka cewa wannan gini ba zai taɓa ɗaukar bene ba har abada, a kuma gaya wa 'ya'ya haka. Abin da yake kashe mutane shi ne a yi harsashin gida mai hawa ɗaya, bayan shekara goma kuɗi ya zo, a cire kwano a zuba dekin a kan bangon da ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Idan Malam ya zaɓi shawarar mai zane, to rodin da aka bari a sama a lulluɓe shi da kankare marar ƙarfi wanda za a iya farfasawa daga baya, kada a bar shi a iska. Kowane kankare da aka zuba a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma a tuna sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. A ɗauki hoton bututu da wayoyi kafin a rufe su da filasta, a ajiye tare da takardun fili, domin wanda zai ci gaba da ginin wataƙila ba wanda ya fara shi ba ne.

Malamin Sakandare, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara wa Baba lafiya. Uwargida, na bi shawararki na shimfiɗa wa maiɗakina zanen, kuma abin da ta fara nunawa shi ne kicin, kamar kin gaya mata. Mun tsaya a kan cewa za mu fara da ɗakinmu, da babban ɗakin yara mai ƙofa biyu, da ɗakin Hajiya, da falo ɗaya, da kicin da banɗakuna a yamma, mu bar gaba fili. Na haƙura da bene. Abin da ya rage mini shi ne, idan an zo gina ɗakin samari da soro a gaba, shin a haɗa su da babban ginin ko a bar su daban, musamman da yake wata rana gidan zai zama gado a tsakanin maza da mata?

Mai Zanen Gine-gine, Kaduna

A bar su daban, Malam, da rufinsu da banɗakinsu, kuma a ja musu layin wuta nasu daga allon rarraba wuta domin a iya sa musu mita idan an so. Ka bar hanya mai faɗin ƙafa 5 zuwa 6 a gefen gabas wadda za ta bi daga ƙofar waje har tsakar gida ba ta ratsa cikin ginin gaba ba. Da wannan hanyar, ko haya aka sa a gaba, ko ɗa ya yi aure ya zauna a nan, ko magada suka so raba gidan biyu, kowane sashe yana da mashigarsa, ba sai an sayar da gidan duka an raba kuɗi ba. Bishiyar da za ka dasa kuma ka sa ta a tsakar gida, nesa da katanga da sokawe saboda saiwa, ba a filin gaba inda ginin zai zo ba, kuma ka dasa ta a daminar bana tun kafin a kawo yashi.